Gida mai sabon fenti

Shekara 31 Mushe ya yi yana koyarwa a lakwal, daga Dakwaro zuwa Mayahi, daga Mayahi zuwa Tasawa, daga nan Madarunfa, kafin a maido shi cikin garin Maraɗi, kuma a duk tsawon wannan lokaci bai taɓa kwana ƙarƙashin rufin da zai ce nasa ne ba. In an kai shi ƙauye, sai ɗakin da mai gari ya ba shi aro. In an kawo shi birni, sai haya. Ƴaƴansa 7, kowane da gidan da aka binne cibiyarsa, kuma babu ko ɗaya daga cikin gidajen nan da za su iya komawa yau su ce ga ɗakin uwarmu. Wanda ya yi aikin gwamnati a shekarun 1990 ba ya bukatar a ba shi labarin dalili. Albashi yakan yi watanni bai fito ba, sannan a watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kwano da ƙarfe da duk abin da ake shigowa da shi daga waje suka yi tashin gwauron zabo. Filin da ya taɓa saye a lokacin, shi ya sayar ya yi jinyar mahaifiyarsa.

Sai da ajiye aiki ya matso sannan kuɗi suka taru wuri ɗaya. Ya sayar da rabonsa na gonar gado, ya sayar da shanu 4 da ke hannun wani Bafillace tun shekaru, uwargida ta ɗauki adashinta ta ɗora, babban ɗansu da ke aiki a Yamai ya aiko da abin da ya sauwaƙa. Aka ƙirga, miliyan 9 na sefa, ba ƙari ba ragi. A daidai nan kuma mai gidan da yake haya ya aiko a gaya masa, cikin ladabi, cewa ɗansa zai yi aure, ana son gida bayan Babbar Salla. Wannan kuwa cikin watan Fabrairu ne na 2025.

Dillalai ba su da wuyar samu ga mai kuɗi a hannu. Cikin mako guda aka kai shi gidaje 5, waɗansu sun fi ƙarfinsa, waɗansu kuwa ko akuya aka ɗaure ciki sai ta yi kuka. Na shidan shi ne ya shiga ransa. Gida ne ta wajen gangare, inda tudu ke sauka zuwa fadamar gulbi: zaure, ɗaki 4, madafa, tsakar gida mai faɗi da itacen dogon yaro a tsakiya, ga famfo, ga wuta. An shafe shi da fenti shuɗi mai haske ciki da waje, har warinsa bai gama fita ba. Aka ce miliyan 8, alhali irinsa a kan tudu ba a taya shi ƙasa da 12. Dillali ya ce mai shi ne ke da bukata ta gaggawa, kuma akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi ran Jumma'a. Uwargida ta je ta gani, ta dawo har ta raba ɗakuna, ta zaɓi inda za ta kafa turken tumakinta.

Abin da ya hana a yi cinikin ran nan shi ne wani tsohon magini, aminin marigayi mahaifin Mushe, wanda ya haura 70, ya bar hawa bango amma idonsa bai bar aiki ba. Mushe ya je gaishe shi ne don ya sa albarka. Tsoho ya saurara har ƙarshe, ya ce: "Mushe, wa ya taɓa yi wa akuyar sayarwa wanka in ba da dalili ba? Gobe ka zo ka ɗauke ni. Amma kada ka gaya wa dillalinka lokacin da za mu je."

Ba su fara da gidan ba. Tun daga bakin kwalta tsoho ya sa aka ajiye babur, suka taka da ƙafa, yana tafe yana duban ƙasa kamar mai neman allura. Ya nuna wa Mushe yadda tsakiyar titin ya zurma, yashi fari mai laushi ya kwanta a ciki tamkar na ƙorama, ga tsummoki da ledoji sun maƙale a gindin sandar wuta, dukansu sun karkata gefe guda. Ya nuna masa ƙofofin maƙwabta. Kusan kowane gida an ɗaga dokin ƙofarsa da bulo jeri biyu ko uku, har sai mutum ya ɗaga ƙafa sosai kafin ya shiga, wani kuma ga ruɓaɓɓun buhunan yashi a jingine tun na bara. Ya ce babu mai wahalar da tsohuwarsa da irin wannan dokin ƙofa don ado. Gidan da ake sayarwa shi kaɗai ne ƙofarsa ke daidai da titi, kuma da suka shiga zaure sai da suka sauka taki ɗaya, wato daɓen gidan yana ƙasa da hanyar da ruwa ke bi.

Mutumin Maraɗi bai kamata a koya masa tsoron ruwa ba. Tsohon garin a bakin fadama yake, kuma ambaliyar gulbi ta 1945 ce ta rushe shi, har Nasara suka tayar da mutane zuwa kan tudu, aka yanka sabon gari mai miƙaƙƙun tituna. Amma mutum mai mantuwa ne, gari kuma ya yi ta girma har ya koma inda kakanni suka gudo. Ran Jumma'a 30 ga Agusta 2024 ruwa ya sauka a birnin, kimanin milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, mutum 15 suka rasu, gidaje suka zube ba adadi. Kwanaki kaɗan bayan haka tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya faɗi. Mushe da kansa ya ga yadda aka ɗaga komawa makaranta a ƙasar baki ɗaya zuwa 28 ga Oktoba, ga azuzuwa cike da waɗanda ruwa ya kora. Duk wannan ya sani. Abin da bai yi ba shi ne ya haɗa wannan sani da gidan da ransa ke so, don mai son abu idonsa a rufe yake ta gefe guda.

Cikin gida tsoho ya roƙi Mushe ya ba shi mabuɗin babur. Da shi ya riƙa ƙwanƙwasa bango, daga sama zuwa ƙasa. A sama amon a cike yake. Da ya sauko daidai gwiwa sai amon ya sake, ya koma kamar na busasshiyar ƙwarya. Ya ce bangon nan na ƙasa ne aka yi masa yaɓen siminti, kuma siminti da ƙasa zaman doya da manja suke. Bangon tubali yana shan danshi da damina ya fitar da shi da rani. In aka rufe shi da siminti, danshin ba shi da mafita, sai ya zauna ciki yana cin gindin bangon, yaɓen ya saki ya tsaya shi kaɗai kamar riga a jikin maras lafiya. Daga waje mutum ya ga bango sumul, alhali ciki ya zama gari. Magabata da ke shafe da makuba sun san abin da suke yi.

Daga nan ya tsuguna, ya sa Mushe ya tsuguna, suka dubi bangon daga gefe, inda hasken ƙofa ke bi ta kansa. Sai ga wani layi miƙaƙƙe ya bayyana a ƙarƙashin fentin, kewaye da ɗakin gaba ɗaya, kamar kamu uku daga ƙasa. Ƙasan layin yaɓen sabo ne, samansa tsoho. A kusurwa kuma, bayan ƙyaure, inda mai fenti ya yi ganda, ga wani farin gari kamar kanwa ya fito, fentin ya kumbura ya fara ɓarewa. Tsoho ya shafa ya nuna masa a yatsa. Ya ce gishirin ƙasa ne da ruwa ke ɗaukowa ya hau da shi cikin bango, in ruwan ya bushe ya bar shi nan, kuma ko sau goma aka shafe shi sai ya sake fitowa. Layin kuwa iyakar inda ruwa ya tsaya ke nan.

Sai ga dillali ya faɗo, yana haki, wani yaro ya kai masa labari. Ya gaida tsoho da girmamawa, ya juya ga Mushe: "Haba Mushe, ai da ka gaya mini na zo na buɗe muku ko'ina. Wannan ɗan danshi ne na tulu, kowane gida akwai shi."

Tsoho ya ce: "Gaskiyarka, ɗana. Sai dai ban taɓa ganin tulun da ke zagaya ɗaki huɗu ba."

Bai ƙara tanka masa ba, ya ci gaba da aikinsa. Ɗakin ƙurya shi ne sabon gini, na bulo, kuma nan ne dillali ya fi yabo. Tsoho ya buɗe ƙofarsa ya rufe sau biyu, ya duƙa ya duba ƙasan ƙyauren, ya ga an yanke shi an sake walda, a karkace. Ƙofa ba ta ƙin rufuwa haka kawai. In ta fara cijewa, to ginin ne ya motsa. Daga kusurwar taga kuma ga wata tsaga da aka cike da siminti, ta tashi a gicciye tana bin mahaɗar bulo kamar matakala, ta fi faɗi a sama, kuma da suka zagaya baya suka tarar da ita ta ratsa har waje. Ya bambanta wa Mushe tsaga iri biyu. Akwai ƙananan nan masu kama da saƙar gizo, waɗanda ke kan yaɓe kawai, su ba abin damuwa ba ne, rana ce da gaggawar magini. Akwai kuma irin wannan, wadda ke nuna harsashi ya zauna ta gefe ɗaya. Mai son ya san ko tsaga na raye, sai ya manna mata ɗan siminti a gicciye, ya dawo bayan wata ɗaya ko biyu. In ya tarar ya rabe, ginin bai gama tafiya ba. Amma wane dillali zai ba ka wata biyu, ga Alhajin ran Jumma'a na tafe?

Dalilin zaman harsashin, ba a cikin gidan suka same shi ba. Wajen mai shayin bakin lungu suka zauna, tsoho ya sa aka haɗa musu, ya shiga hira kamar ba ruwansa da komai. Ya tambayi wasu yara da ke wasa inda suke iyo in damina ta yi. Suka nuna bayan gidan, suna dariya, suka ce har cikin zauren ma. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce ai wurin nan kududdufi ne tun tana amarya, nan aka haƙi ƙasar da aka gina rabin unguwar, daga baya aka yi ta zuba shara har ya cika, aka bi da jar ƙasa aka rufe. To, shara ruɓewa take yi, tana raguwa shekara da shekaru, abin da aka ɗora mata kuma ya bi ta. Mai shayi ya ƙara da cewa masu gidan kwana 9 suka yi a makaranta bara, da suka fito kuma ba su dawo ba. Kuɗin shayi dala 60 ne. Shi ne kuɗi mafi albarka da Mushe ya taɓa kashewa.

A hanyar komawa tsoho ya yi ta faɗin sauran abubuwan da bai ga amfanin dubawa ba tunda magana ta riga ta ƙare. Ya ce da gindin gidan na da lafiya, da sai ya hau sama. In rufin ƙasa ne, a soki azara da wuƙa, don gara takan cinye cikinta ta bar fatar, kuma a duba hanyoyinta na laka a bayan kaya da kusurwoyi. A duba indararo, ko yana zubar da ruwa nesa ko a gindin bango yake tsiyaya. In kwano ne, a shiga ɗaki da tsakar rana a rufe ƙofa da taga a ɗaga kai, duk inda haske ya shigo ruwa ma zai shigo. In rufin kankare ne, a nemi jan tabo na tsatsa, don ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake ya fasa simintin da ke rufe da shi. Bulo kuma a karce shi da ƙusa: wanda aka yi wa rowar siminti, buhu guda mai kilo 50 aka matsa masa ya haifi abin da ya fi ƙarfinsa, da yatsa ma sai ya zube. A tambayi inda tsohuwar salga take, kada a wayi gari an yi ɗakin yara a kanta, in kuma da rijiya a auna tsakaninsu, kada ya gaza mita 15. Famfo a buɗe shi da rana tsaka a watan zafi; wannan mutanen Damagaram sun fi kowa saninsa. A kuma nemi takardun kuɗin wuta da na ruwa na ƙarshe, kada a gaji bashin wani.

Ba a yi murna a gida ba. Uwargida ta ce: "Malam, shekara nawa muna ɗaukar gado a kai daga wannan lungu zuwa wancan? Ruwan bara ai ko'ina ya shiga. In muka tsaya neman gidan da ba shi da aibi, sai dai a kai mu kushewa daga gidan haya." Maganarta ba ta rasa gaskiya. Mai miliyan 9 ba ya zaɓe irin na mai 30, kuma duk gidan da ya zo hannun talaka da abin da ya kawo shi. Sai dai aibi suna suka tara. Kwano mai yoyo ana sake shi, ƙyaure ana gyara shi, ko salga ana haƙa wata. Ƙasar da gida ke kai da hanyar da ruwa ya zaɓa, su kam ba a sake su da kuɗin malamin lakwal. Kwana 3 ba ta yi masa magana ba sai abin da ya zama dole.

Cikin azumi aka kai shi wani gida a kan tudu, tsohon gini, ba fenti ba ado, ɗaki 3 ne kawai, tsakar gidan ma ba ta kai ta wancan ba. Tsoho ya zagaya shi sau biyu, ya ƙwanƙwasa, ya soka, ya leƙa, ya ce in an sake kwano 6 an toshe wata kafa a bayan madafa, gidan nan zai binne su duka. Mushe ya ji kamar an sauke masa dutse. Amma tsoho ya ce iyakar saninsa ke nan, shi bango yake karantawa, takarda kuwa aikin ƴan boko ne.

Nan ne Mushe, wanda ya koya wa ɗaruruwan yara karatu, ya tarar shi ma ɗan koyo ne. Wani abokinsa da ya yi aiki a ma'aikatar magajin gari ya zaunar da shi ya warware masa. Takardun gida hawa hawa ne. Akwai shaidar gargajiya da mai unguwa ko hakimi ke sa wa hannu, wadda ita ce mafi rauni a cikin birni. Akwai takardar da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa in an yanka filaye, wadda ƴan boko ke kira akt da sesiyon, mai ɗauke da lambar rukuni da harafin fili. Sama da su duka akwai titir fonsiye, wadda ake rubutawa cikin kundin filaye na ƙasa, kuma a nan ne ake rubuta jingina in an ba banki gidan. Ya ce kada ya yarda da hoton takarda, sai ta asali. Ya ɗauki lambar ya je a buɗe masa kundi a ga ko sunan da ke ciki shi ne na mai sayarwa, don fili ɗaya a sayar wa mutum biyu ko uku ba sabon abu ba ne, kuma sau da yawa gida ya bi hannu huɗu sunan na farko ne har yanzu a rubuce. Ya nemi taswirar unguwa, a zo da ma'auni a nemo turakun iyaka, kada ya zamana zauren ya ci titi ko an gina shi a filin da aka keɓe wa makaranta ko kasuwa, ranar da aka tashi buɗe hanya ba mai biyan shi ko dala. Kuɗi kuma kada su fita sai gaban notar, ko aƙalla gaban hukuma da shaidu.

Da aka buɗe kundi, lamba ta yi daidai, iyaka ta yi daidai, babu jingina. Sunan kuwa na mutumin da ya rasu shekara 6 da suka wuce ne. Gidan gado ne, kuma wanda ke ciniki babban ɗa ne. Ya rantse duk ƴan'uwansa sun yarda, ya kawo ƙannensa maza biyu suka gyaɗa kai. Mushe, da ya fara koyon darasin mai shayi, ya aiki uwargida ta shiga maƙwabta barka da shan ruwa. Ta dawo da lissafin da ba a ba su ba. Marigayin ya bar mata biyu, kuma ta biyun, wadda ke da rabonta cikin tumuni, tana ƙauyensu ba a ko gaya mata ba. Akwai ɗiya mace da ke aure a Katsina. Akwai kuma wani ɗa da ya tafi arewa neman zinariya tun da aka buɗe Jado a 2014, ana jin muryarsa a waya sa'i da lokaci.

Wannan ita ce tsagar da fenti ba ya rufewa, kuma ta fi ta bango wuyar ɗinki. A fiƙihun Malikiyya, wanda ya yi tarayya da wani a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a: in abokin tarayyarsa ya sayar da rabonsa ga bare, yana iya biyan kuɗin ya karɓe. Wanda ba ya nan kuwa haƙƙinsa na jiran shi har ya dawo. Balle a ce an sayar da rabonsa shi kansa ba da izininsa ba, wannan ciniki bai ma ƙullu a kansa ba. Gidajen shari'a cike suke da irin waɗannan ƙararraki, mutum ya biya kuɗinsa, ya yi gyara, ya dasa itace, shekara 5 bayan haka wani ya sauko daga mota da jaka a kafaɗa ya ce ina ɗakin ubana. Mushe ya gaya wa babban ɗan cewa yana son gidan, ba zai kuma nemi ragi ba, amma sai an kawo takardar magada daga gidan shari'a, da takardar taron dangi mai sa hannun kowa, da wakilcin wanda ke arewa a rubuce. Mutumin ya ɓata rai, ya ce ana mai da shi maƙaryaci. Mushe ya ce: "Malam, ba kai nake tsoro ba. Ranar da ba ni ba kai nake tsoro, a bar ƴaƴana da naka suna hawa matakalar alƙali." Aka rabu a kan za a nema.

Babbar Salla ta zo ta wuce, takarda ba ta zo ba. Mushe ya je da kansa ya roƙi mai gidan haya, aka ƙara masa zuwa kaka, aka kuma ƙara masa jika 5 a wata.

Cikin wannan jira ne ya ji labarin da ya hana shi barci. Gida mai shuɗin fenti ya sami mai saye, kuma ba kowa ba ne sai wani tsohon ɗalibinsa na Tasawa, yaro mai ƙoƙari da ke sayar da kayan masarufi a babbar kasuwa, ya yi aure bara, matarsa na da ciki. Mushe ya kwana yana juyi. In ya yi magana, ya shiga cinikin da ba nasa ba, ya ɓata wa mai gida, wanda shi ma ruwa ne ya cuce shi yake neman mafita, ya kuma sayi gabar dillalin da gobe zai iya bukata. In ya yi shiru, to shi ya san inda layin nan yake a bango, kamu uku daga ƙasa, daidai tsayin gadon jariri. Uwargida ce ta yanke. Ita da ta yi kwana 3 ba ta yi masa magana ba saboda gidan nan, ita ce ta ce: "Malam, in ɗanka ne fa?"

Da safe ya tafi kasuwa. Yaron ya tashi da sauri ya ba shi kujera, ya aika a kawo ruwan sanyi. Mushe ya faɗa masa duk abin da ya gani, bai rage ba bai ƙara ba, har da tsohuwa mai ƙosai. Yaron ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, can ya ce: "Mushe, na riga na ba da miliyan 5, an sa hannu. Ban je da kowa ba. Da dare ma aka kai ni, bayan na rufe kanti."

Kuɗin ba su dawo ba, mai gidan ya riga ya biya bashi da su. Abin da aka samu, bayan zama uku gaban mai unguwa da tsoho a gefe yana nuna tsaga da sandarsa, shi ne ragin miliyan 1 da rabi daga sauran. Dillali ya daina gaida Mushe. Tsoho ya ce da ragin a ɗaga daɓen ɗakuna uku na gaba, a ɗaga ƙofa, a sassaƙe yaɓen siminti daga gindin bango a yi masa gyara na gaskiya, a haƙa wa ruwa hanya ta gefen gabas. Ɗakin ƙurya kuwa ya ce a ajiye buhuna a ciki in an ga dama, amma kada ɗan Adam ya kwana. Shi da kansa ya riƙa zuwa kullum da safe, a ɗora masa kujera a inuwar dogon yaro, yana ƙirga motocin jar ƙasa, yana faɗa da lebura.

Da ruwan Agusta ya sauka, Mushe ya naɗe wando ya gangara ya duba. Titin ya zama ƙorama kamar yadda yashi ya faɗa. Ruwa ya zo ya daki sabon dokin ƙofa, saura kamar yatsa huɗu ya haura, ya juya ya bi gabas. Simintin da tsoho ya manna a tsagar ɗakin ƙurya ya rabe biyu.

Ran nan da yamma babban ɗan marigayi ya yi sallama a ƙofar gidan haya. Ya ce matar uban ta sa hannu, ta Katsina ma ta aiko. Na arewa kuwa ya yi waya ya ce ba zai wakilta kowa ba, shi da kansa zai zo, in an yi kaka.